Kafin a taɓa albasar Baba don aikin jirgin ruwa

 

A hutun da ya wuce mun je gida Sabiyal. Wata rana da la'asar sakaliya muna zaune a ƙofar gida, sai wani ƙanenmu ɗan aji biyar na sakandare ya matso ya miƙo mana waya, ya ce, "Yaya, dubi wannan." Bidiyo ne na wani saurayi sanye da farar riga, yana tsaye a saman wani makeken jirgin ruwa, shuɗin teku a bayansa har iyakar ganin ido. Yana cewa ana neman ma'aikata daga Nijeriya, albashi da dala, ci da kwana kyauta, ba a buƙatar digiri, kuɗin fom kawai za a biya. Ƙanen namu har ya gama lissafin watannin da za su ishe shi ya sayi babur ya kuma yi wa Inna rufin kwano.

Ba mu yi masa dariya ba, domin aikin akwai shi da gaske, kuma mun san wanda yake yin sa. Mun kuma san wanda irin wannan bidiyon ya raba da dukiyar gidansu. Su biyun duk daga wannan yanki namu na Aliero, Jega da Maiyama suka fito.

Bari mu fara da jirgin kansa. Jirgin ruwan yawon shaƙatawa ba kaya yake ɗauka ba, mutane yake ɗauka, masu kuɗin da suka biya don su yi mako guda ko biyu suna hutawa a kan teku, yau a wannan gari, gobe a wancan tsibiri. Ɗaya daga cikin mafiya girma shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024 daga birnin Miyami na Amurka. Tsawonsa ya kai mita 365, wato filin ƙwallo uku da rabi a jere. Idan ya cika yana ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikatansa kuma 2,350 ne. Ku haɗa, mutum kusan dubu goma ke nan a kan ruwa, kowa sai ya ci sau uku, a wanke masa zanin gado, a share masa ɗaki, a kwashe shara, a tace ruwan sha, a ba da wutar lantarki dare da rana. Gari ne sukutum, sai dai ba shi da ƙasa.

Ma'aikatan kashi uku ne. Akwai masu tuƙi, daga kyaftin zuwa mataimakansa da masu ɗaure igiya. Akwai masu inji da lantarki. Sai kashi na uku, wanda ya fi kowane yawa nesa ba kusa ba, su ne 'yan ɓangaren otal: masu girki, masu kai abinci tebur, masu gyaran ɗaki, masu wanki da guga, masu wanke kwanuka. Duk wanda ya ce maka "ba a buƙatar digiri", wannan kashin yake nufi. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta.

Wani ɗan kawunmu yana cikinsu. Bayan sakandare ya yi difloma a fannin girki da kula da baƙi, ya yi shekara uku yana aiki a kicin ɗin wani otal a Abuja, daga yankan albasa har aka fara sakar masa tukunya. Daga nan ya cika takarda a shafin intanet na wani kamfanin jiragen. Wata biyar shiru. Sai aka kira shi ganawa ta bidiyo, da Turanci zalla, aka yi masa tambayoyi a kan tsaftar abinci da yadda ake ajiye nama da kifi. Da ya ci, sai gwajin lafiya daga kai har ƙafa, sai kwas a Legas, sai fasfo da littafin shaidar ma'aikacin teku, sai biza. Daga ranar da ya cika takarda zuwa ranar da ya taka jirgin, shekara guda ta wuce. Da ya je yi wa mahaifiyarsa sallama, ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema cikin ruwan da ba shi da gaɓa?" Duk da haka ta sa masa albarka.

Kwas ɗin nan na Legas shi ne abin da masu bidiyo ba su faɗa. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira STCW, wadda aka ƙulla a 1978 aka kuma sabunta a Manila a 2010. Ta ce duk wanda za a ba wani nauyi na ceto a jirgin teku, ko da mai wanke kwanuka ne, sai ya koyi abu huɗu: yadda zai tsira idan ya faɗa ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, da kiyaye kai da zama da abokan aiki. Mai aiki a jirgin fasinja kuma sai ya ƙara da koyon yadda ake tafiyar da taron jama'a idan hankali ya tashi. Ɗan kawun namu ya ce ranar da aka sa masa rigar ceto aka ce ya daka tsalle daga sama zuwa cikin ruwa mai zurfi, ƙafafunsa sun yi ta rawa, domin iyakar saninsa da ruwa shi ne wankan tabki da damina. Sai da aka ƙirga masa sau uku.

Makonsa na farko mun sha labarinsa ta saƙon murya, galibi da tsakar dare, saboda agogonsu da namu ba ɗaya ba ne. Ranar da ya isa tashar, bai shiga ta ƙofar da ake gani a bidiyo ba. Ma'aikata ƙofarsu daban, can ƙasa, wajen da ake shigar da buhuna da kwalaye. Aka duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya, aka ba shi kati, aka nuna masa ɗakinsa. Ɗan ɗaki ne da bai fi shagon mai caji ba, gado biyu ɗaya a kan ɗaya, babu taga, domin a ƙasan ruwa yake. Abokin kwanansa ɗan ƙasar Filifin ne, kuma da ma 'yan Filifin da Indunusiya da Indiya su suka fi yawa a wannan sana'a. Kafin ya kwance jakarsa aka kira shi horo. Aka koya masa cewa idan ya ji jiniya gajera sau bakwai sannan doguwa ɗaya, to lamarin gaggawa ne, ya bar duk abin da yake yi ya ruga wurin da aka rubuta a katinsa. Aka nuna masa ƙofofin ƙarfe masu tare ruwa, aka gargaɗe shi kada ya kuskura ya ratsa su suna cikin rufewa, domin ba su san mutum ba. A daren nan ya fara aiki.

Kwana uku yana ɓata a hanya. Akwai wani dogon lungu a ƙasan jirgin, daga goshi har wutsiya, wanda ma'aikata suke kira I-95, sunan wata babbar hanyar mota a Amurka. Fasinja ba ya ganin sa. Ta nan ake tura keken abinci da na wanki da na shara, kowa yana sauri, kowa da yarensa. Ga jiri da tashin zuciya idan teku ta motsa. Ya ce a rana ta biyu ya yi amai har sau huɗu, shugaban kicin ya ba shi ƙwaya da busasshen biskit, ya ce ya koma kan tukunya.

Yanzu ga lissafin da ƙanenmu bai yi ba. Kwantiragin ƙananan ma'aikata yakan kai wata shida zuwa tara, kuma a cikinsu babu ranar hutu cikakkiya. Babu Juma'a, babu Lahadi, babu Sallah. Ana samun 'yan awoyi ne tsakanin aiki da aiki. Dokar ƙwadago ta ma'aikatan teku, wadda ake kira MLC ta 2006, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2013, ta ce dole a ba ma'aikaci hutun awa 10 aƙalla a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Mako guda awa 168 ne. Ku cire 77, saura 91. Doka ke nan ta yarda mutum ya yi aikin awa 91 a mako, kuma awa goma zuwa goma sha biyu a rana ba abin mamaki ba ne a can. Wanda ya taɓa yin dashen albasa daga hantsi har faɗuwar rana ya san gajiya, amma shi yakan kwana a ɗakinsa, kuma idan ranar kasuwa ta zo ya huta.

Garuruwan da ake gani a hoto fa? Jirgi yakan tsaya da safe ya tashi da yamma. Idan awoyin hutunka sun faɗo a tsakani, za ka iya sauka ka sayi kati ka kira gida. Ɗan kawunmu ya ce ya je tsibirai da dama da bai ga komai nasu ba sai ta ƙofar da ake shigo da kayan miya, domin barci ya fi masa yawo daraja.

Kuɗin kuwa akwai su. Ba ya biyan haya, ba ya sayen abinci, saboda haka abin da ya samu yana iya tarawa, kuma idan aka canja dala zuwa naira tana da kauri. Ya biya wa ƙannensa biyu kuɗin jarrabawa, ya sayi injin ban ruwa. Sai dai idan kwantiragi ya ƙare aka dawo gida hutun wata biyu, galibi babu albashi sai an koma. Kuma komawar ba dole ba ce. A 2020, da cutar korona ta ɓarke, jirgin Diamond Princess ya maƙale a tashar Yokohama ta Japan, mutum fiye da 700 suka kamu. Bayan nan jiragen yawo na duniya suka tsaya cak, dubban ma'aikata suka yi watanni a kan ruwa ba sauka, wasu dubban kuma suna gida ba aiki.

Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyarmu, wanda gara a san shi tun a gida. A waɗannan jirage ana sayar da giya, ana caca, ana dafa naman alade. Mai kai abinci tebur ko mai aiki a mashaya ba zai kauce wa ɗaukar kwalba ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai wanki da guga, akwai gyaran ɗaki, akwai gashin burodi, akwai inji da lantarki. A ganawa ake tambayar ɓangaren da za a tura ka, ba bayan an sa hannu ba. Salla kuma tana yiwuwa. Ɗan kawunmu ya samu 'yan Indunusiya suna jam'i a wani ɗan ɗaki, da na'urar waya suke neman alƙibla, domin jirgi yana juyawa alƙiblar safe ba ita ce ta azahar ba. Hukunce-hukuncen sallar matafiyi da azumi a kan teku, a zauna da malami a koye su kafin a tafi.

To, ga labari na biyu. Wani abokin karatunmu na firamare ya ga irin bidiyon nan, ya kira lambar. Aka sa shi a wani zauren WhatsApp mai mutum da yawa, kullum ana turo hotunan waɗanda wai sun tafi. Aka ce ya biya kuɗin fom, ya biya. Aka turo masa takardar ɗaukar aiki mai tambari da hoton jirgi, ba tare da kowa ya yi masa tambaya ko ɗaya ba. Sai kuɗin gwajin lafiya, sai na biza, sai na "tabbatar da kujera". Duk wanda ya tashi a ƙasar Aliero ya san abin da rudu yake nufi ga magidanci: albasar da aka adana ana jiran ta yi tsada, ita ce kuɗin taki, ita ce kuɗin makaranta, ita ce auren ɗiya. Mahaifinsa ya buɗe rudu tun farashi bai tashi ba, ya sayar da arha don kada kujerar ɗansa ta wuce. Ranar da aka ce su hallara a Legas, yaron ya kwana a mota ya isa, ya tarar da adireshin shagon sayar da taya ne. Kafin ya dawo gida an rufe zauren, lambar kuma ba ta shiga. Yau shekara biyu ke nan, da shi da mahaifinsa gaisuwa kawai ke haɗa su.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, doka ɗaya da ya sani da ta cece shi. Dokar MLC ɗin nan ta hana dillalin ɗaukar ma'aikatan teku ya karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki don ya sama masa aiki. Kamfanin jirgi ne yake biyan dillali. Abin da aka yarda ya fito daga aljihunka shi ne kuɗin fasfo, da littafin shaidar ma'aikacin teku, da takardar lafiya ta ƙasarka. Kuɗin biza ma a wuyan mai jirgi dokar ta ɗora shi. Saboda haka duk wanda ya ce ka tura "kuɗin fom" ko "kuɗin kujera" a asusun wani mutum, ka san da wa kake magana. Haka wanda ya ba ka aiki ba ganawa, da wanda ya ce yau ne rana ta ƙarshe. Dillalan gaskiya suna da rajista da NIMASA, hukumar da ke kula da harkar jiragen teku a Nijeriya, kuma manyan kamfanonin jiragen suna da shafin ɗaukar ma'aikata nasu na kansu. Ga 'yan mata musamman, wanda ya ce zai yi miki fasfo da biza da tikiti duk kyauta ki biya daga baya, wannan maganar hukumar NAPTIP ce mai yaƙi da safarar mutane, ba ta aikin jirgi ba.

Wani abu kuma: shekaru. Doka ta hana ɗan ƙasa da 16 aiki a jirgi, ɗan ƙasa da 18 kuma ba ya aikin dare. Kamfanonin yawon shaƙatawa da yawa sai mutum ya kai 21, kuma suna neman wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana irin aikin a tudu. Ɗalibin aji biyar, ko kuɗin ya biya, babu inda za shi.

Idan teku ce ta shiga ranka da gaske, mu a ganinmu hanyar da ta fi tsawo ita ta fi riba. Akwai makarantar horar da ma'aikatan teku ta Oron a jihar Akwa Ibom, wadda take aiki tun 1979, ana shiga ta JAMB, ana karanta tuƙin jirgi ko injiniyancin jirgi. Akwai jami'ar harkokin teku ta Okerenkoko a jihar Delta, wadda ta fara karatu a 2018. NIMASA kuma tana da shirin NSDP tun 2008, wanda ya tura matasa karatun teku a ƙasashe irin su Indiya, Masar da Filifin. Duk waɗannan sai da kiredit a lissafi, Turanci da fizis. Kada mu ɓoye muku matsalarsu: bayan karatu sai ɗalibi ya yi wata goma sha biyu yana koyon aiki a kan jirgin teku kafin ya zauna jarrabawar zama jami'i, kuma samun jirgin da zai ɗauke shi yana da wuya ƙwarai, har wasu su yi shekaru suna jira. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne Nijeriya ba ta da kamfanin jiragen teku na ƙasa kamar da. An kafa shi a 1959, yana da jirage masu suna Dan Fodio, El Kanemi da Ahmadu Bello, aka rushe shi a 1995.

Wasu za su ce ina ruwan ɗan Kabi da teku. Mu kuwa muna ganin ba baƙon ruwa ba ne mu. Gulbin Zamfara ya ratsa ta Jega, Neja ta ratsa Yawuri, Sarkawa suna su tun zamanin Kanta, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Abin da muka rasa shi ne horon da ɗan kawunmu ya samu a makonsa na farko. A jirginsu kowane mako ana atisayen gobara da na barin jirgi, kuma ba a tashi sai an nuna wa fasinjoji inda za su taru. Wannan tsanani ya ƙaru ne bayan Janairun 2012, lokacin da jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, kyaftin ɗin da ya riga fasinjojinsa sauka kuma aka ɗaure shi shekara 16. A nan gida, a watan Mayun 2021, jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Neja kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai kimanin ashirin ne kawai. Mutanen da suka halaka a Warra sun ninka na Italiya, kuma yawancinsu talakawa ne masu neman abin kai wa baki. Matashin da ya karanta tuƙi ko ginin jirgi, ko da bai taɓa ganin Miyami ba, akwai aikin da ke jiran sa tsakanin Yawuri da Lokoja, inda hedikwatar hukumar NIWA mai kula da koguna take.

Mun zauna da ƙanen namu har aka kira magariba. Muka buɗe shafin makarantar Oron a wayar tasa, ya ga darussan da ake nema, ya yi shiru, domin shi da fizis ba su cika shiri ba. Muka kira ɗan kawunmu bai ɗauka ba, sai washegari ya turo saƙo cewa a lokacin yana tsaye kan miyar mutum dubu. Yaron ya saurari saƙon sau biyu. Sai ya tambaye mu ko a gulbin Jega akwai masu koyar da iyo. Muka ce akwai, amma ya bari ruwa ya janye, kuma kada ya je sai tare da babban da ya iya.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.